Jinjina ga Masu Ƙera Katakon Lasifikar Mota

Faifan da ke rufe but a bayan kujerar baya, kamfani bai yi shi don ɗaukar nauyi ba. A mota irin Golf siriri ne, da ka ɗora masa lasifika mai inci 6 da 9 sai ya lanƙwashe, ya riƙa karkarwa, sauti ya lalace.

A nan gwanayen wannan sana'a ke nuna bajintarsu. Sukan aza tsohon faifan a kan katakon MDF mai kaurin milimita 18, su zana siffarsa da fensir, su yanka da zarto, su goge gefuna da sanfefa har ya zauna daram. Sai su huda gurabe biyu, su shafa gam, su lulluɓe da kafet mai launin cikin motar. Sun san muddin iska na zirarewa tsakanin gaban lasifika da bayanta, kaurin sautin zai gudu. Shi ya sa suke toshe kowace kafa, su ɗaure katakon tamau don kada birkin gaggawa ya cillo shi kan fasinja.

Aiki ne na haƙuri da kaifin ido. Idan ka dace da gwani, biya shi haƙƙinsa cikakke. Allah ya ƙara wa sana'arsu albarka.