Silimar "Patton": Tarihi Ne Ko Kirari?

Wannan karon za mu yi magana a kan wata silimar yaƙi da Amurkawa suka yi a 1970, sunanta Patton. Labarin Janar George Patton ne, wanda ya ja rundunar Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu, tun daga Afirka ta Arewa har cikin Jamus.

Mu fara ba ta haƙƙinta. An yi aiki. George C. Scott, wanda ya fito a janar ɗin, ya iya ƙwarai, har aka ba shi lambar Oska, ya ƙi karɓa. Gwanintar Patton kuwa ba ƙarya ba ce. A watan Disamba 1944, cikin tsananin sanyi, ya juya rundunarsa arewa a 'yan kwanaki, ya ceci sojan da Jamusawa suka kewaye a Baston, ƙasar Beljiyam.

To, amma ga inda muka tsaya. Kowa ya san al'adar maroƙi. In ubangidansa mai zafin rai ne, ba ya ɓoye zafin, sai ya mai da shi kirari, ya ce wuta ne, ba a taɓa shi. Mai ji sai ya ɗauka an faɗi gaskiya tun da an ambaci aibi, alhali kuwa ado aka ƙara. Abin da silimar nan ta yi ke nan.

Ku dubi maganar mari. A watan Agusta 1943, a tsibirin Sisili, Patton ya mari soja biyu a asibitin fagen fama, ya kira su matsorata. Silima ta nuna guda ɗaya. Daga nan sai ta bi janar: ga shi yana addu'a, ga shi yana ba soja haƙuri bisa umurnin Janar Aizanhawa, ga shi zaune ba runduna, ana yaƙi ba shi. Mai kallo sai tausayi ya kama shi. Tausayin wa? Na mai marin! Wanda aka mara kuwa ba a sake bin sawunsa ba. Alhali ɗaya daga cikin su biyun, da likitoci suka duba, sun tarad da zazzaɓin sauro a jikinsa.

Akwai kuma abin da aka tsallake ɗungum. A watan Maris 1945 Patton ya aika da soja fiye da 300 su ratsa wajen mil 50 a bayan dagar Jamusawa, su buɗe sansanin fursunan yaƙi a Hamelbug. Mijin 'yarsa yana cikin fursunan, ko da ya ke shi ya ce bai san da haka ba. Aka tarwatsa su, waɗansu suka mutu, yawancinsu aka kama, kaɗan suka komo. Wannan ba ya shiga kirari, sabo da haka ba ya cikin silima. Ashe aibin da a ke nuna mana zaɓaɓɓe ne: girman kai da ƙaton baki, watau irin wanda mai shi kaɗai ya ke cuta. Aibin da ya bar marayu, shiru.

Sa'an nan ina baƙar fata? Direbobin da suka yi ta jigilar mai da harsashi dare da rana a Faransa cikin 1944 yawancinsu baƙar fatar Amurka ne, kuma bataliyar tankoki ta 761, ta baƙar fata, a ƙarƙashin Patton ta yi faɗa. A silimar, baƙin da za ka tuna shi ne sajen da ke yi wa janar hidima a ɗaki.

Wannan ya taɓa mu, don daga zangunanmu na Kumasi da Ankara da Tamale mutane suka shiga soja, aka kai su Habasha, aka kai su Bama a runduna ta 81 da ta 82, suna ɗauke da kaya a ka cikin kurmi. Da yaƙin nan za a mai da shi silima irin wannan, da su ne taron da a ke gani can nesa cikin ƙura.

Ba mu ce kada a kalla ba. Ku kalla, ku ji daɗin gwaninta. Amma samari, in an nuna muku laifin babban mutum, ku tambayi kanku: wa laifin nan ya faɗa wa, kuma ina aka kai shi? Dattawa kuma, wanda ya ke riƙe da labarin da ubansa ko kakansa ya kawo daga Bama, ya aiko mana, mu buga a wannan takarda tun bai ɓace ba.