Masu Farfaɗo da Fijo 504 Wagon, Ku Bar Mata Injinta

A Turai da Amurka an daɗe ana wannan yayi: mutum ya nemo tsohuwar mota mai dogon baya, Volvo 240 ko Marsandi W123, ya kwance ta kaf, ya mayar da ita sabuwa, sannan ya ƙara mata kayan zamani domin ya riƙa zuwa aiki da ita kullum. Wasu har injin suke cirewa su dasa wanda ya ninka shi ƙarfi. Marigayi Paul Newman, ɗan fim ɗin Amurka, ya yi suna da hawa Volvo wagon mai injin Ford V8 a ɓoye ƙarƙashin bonet. Yanzu abin ya fara leƙowa wajenmu, kuma motar da idon samari ya faɗa a kai ita ce Fijo 504 wagon. Na yi murna da haka, domin motar ta cancanci a tuna da ita. Sai dai yadda ake aikin ne bai kwanta mini ba. Yawancin abin da ake nunawa fenti ne mai ƙyalli, da manyan rim, da sifiku a baya, sai kuma alfaharin cewa an fitar da tsohon injin an sa na Toyota.

Wanda zai taɓa wannan mota ya kamata ya fara sanin abin da ya riƙe ta a titi tsawon shekarun nan. Kamfanin Peugeot ya fito da 504 a 1968, ta ci kambin motar shekara ta Turai a 1969, mai dogon bayan kuma ta biyo a 1971. Ba ƙara wa salun rufi kawai aka yi ba. An tsawaita tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya zuwa mita 2.9, aka ba ta aksul ɗin baya guda mai ƙarfi, aka ɗora shi a kan sifirin huɗu, biyu kowane gefe. Shi ya sa direban tasha zai jera mutum biyu gaba, huɗu tsakiya, uku baya, ya labta buhuna a but, motar ta ɗan tsuguna ta kama hanya. A Faransa an daina ƙera ta a 1983, amma masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ta ci gaba da haɗa 504 har tsakiyar shekarun 2000. A zamaninta ita ce motar ma'aikatu, ita ce motar asibiti, ita ce ta 'yan sanda da 'yan Road Safety, ita ce kuma ta tasha daga Kano zuwa Maiduguri. A Nijar ma, Turawa sun sha keto Sahara da tsofaffin 504 su sayar a Arlit ko Agadas ko Yamai, su koma gida a jirgi.

Sirrin duk yana cikin injin nan da ake rainawa. Mai silinda huɗu ne, cc 1971, ƙarfinsa bai wuce doki 90 da 'yan kai ba. Sarƙa ce ke juya masa taimin, ba bel ba. Silindojinsa kuwa silib ne da ake zarewa, saboda haka idan ya gaji ba sai an kai bulok wajen injiniya an rarake shi ba: a sayo silib da fistin da zobba, a zauna ƙarƙashin bishiya a ɗaure, ya koma aiki. Babu kwamfuta, babu na'urar da za ta hana shi tashi don wata waya ta yi datti. Makaniken Jibiya ya san shi, na Potiskum ya san shi, na Maraɗi ya san shi. Motar hawa ta kullum ana auna ta ne da ranar da ta tsaya maka a inda ba ka so, kuma a wannan rana 504 mai injinta na asali tana da dangi a kowane gari.

To ka cire shi ka sa wani. Sai an yanka mazaunin injin an yi sabuwar walda. Sai an haɗa giyar da ba tata ba da furofela, alhali furofelar 504 a cikin bututun ƙarfe take tafiya har zuwa aksul, kuma bututun nan yana cikin abin da ke riƙe ƙafafun baya. Sai rewaya ya ari wayoyin wata mota ya ɗaura wa wata. A ƙarshe ka samu motar da mutum ɗaya tak ya san cikinta, wato wanda ya haɗa ta. Ranar da ya yi tafiya ko kuka ɓata, motarka ta zama marainiya. Masu yin haka a Amurka suna da kamfanonin da ke ƙera duk wani ƙarfen haɗi da awo, suna da littafin aiki, da yawansu kuma suna da wata motar ta biyu a gida. Namu na gida da ido ake aunawa. Ga kuma batun takardu, domin lambar injin da ke rubuce a takarda ta daina dacewa da wadda ke jikin mota, kuma jami'in VIO mai duba takardun mota ba ya jin labarin sha'awa.

Ba ina cewa a bar ta yadda ta fito a zamanin Shagari ba. Akwai gyaran zamani da take buƙata, sai dai kusan dukkansa ba ya fitowa a hoto.

A fara da tsatsa. Fijon da ta yi shekara talatin tana shan damina, ƙasan ƙafafun direba da gefen ƙofofi da inda shokazoba ta gaba ke ɗaure su ne wuraren da take ruɓewa. Mai sayarwa zai shafe su da fila ya fesa fenti. Ka tafi da maganaɗisu, duk inda ya ƙi kamawa ba ƙarfe ba ne. Inda ya ruɓe a yanke a sa sabon ƙarfe, ko da hakan zai cinye kuɗin fentin gaba ɗaya. Daga nan sai burki. Wagon ɗin faifai gare ta a gaba, ganga a baya, kuma sun isa idan suna da lafiya; abin da ke kashe mutane shi ne tsohon tiyo da ya tsattsage da masta da ke yoyo. A sauya su duka, ba a faci a burki. Sai lagireto, domin kan injin na alminiyam ne, zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya lanƙwasa shi. Lagireto mai kauri da fanka mai lantarki sun fi kowane rim amfani a cunkoson Kano cikin watan Afrilu.

Bayan waɗannan, ga inda zamani ke da gurbi. A cire kwantak a sa wuta ta lantarki, motar za ta riƙa tashi da bugu ɗaya da asuba, man da take sha ya ɗan ragu. Tsohon kwantak ɗin kuma a ajiye shi a aljihun mota saboda tsaro. A sa altaneta mai ƙarfi da sababbin wayoyi da fis. A nemo giya mai biyar ta 505, wadda 'yar gida ce, ta rage wa injin kuka a doguwar hanya. A gyara na'urar sanyaya ciki. A ɗaura bel a kowace kujera, har ta can baya inda yara ke zama. Duk waɗannan makaniken Fijo zai kalla ya gane, kuma duk ana iya kwance su a mayar da motar yadda take.

Rim kuwa, na rasa abin da ya haɗa mutane da shi. Ƙusoshin tayar 504 huɗu ne, tazararsu milimita 140, awon da kusan babu motar zamani mai shi. Don haka mai son manyan rim sai ya huda sababbin ramuka ko ya sa wani faifan ƙarfe a tsakani. Ya kuma sa taya mai ɗan siririn gefe, ya kashe taushin tafiyar da aka san motar da shi. Motar da Ove Andersson ya ci gasar Safari ta Kenya da 'yar'uwarta a 1975, a ce ta koma tsoron ramin unguwa!

Akwai hujja guda mai ƙarfi a hannun masu sauya inji, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba: mai. Tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi tashin da har ta haura 1,000 a 2024. Fijo mai kafireto da wuya ta sha ƙasa da lita 10 a kilomita 100, a cikin gari ma ta fi haka. Amma a yi lissafi da gaskiya. Kuɗin injin Baljiyam da giyarsa da walda da rewaya da komawa gareji sau da yawa kafin abin ya daidaita, shekara nawa za a yi kafin rarar mai ta biya su? Ga mai zama a garin da ake samun gas na CNG, mayar da injin asali ya riƙa shan gas ya fi sauƙi, kuma wagon na da filin tukunya a baya fiye da kowace salun. Sharaɗin kawai a je wurin da aka amince da shi, a sa tukunyar da aka ƙera don wannan aiki. Iskar da ke ciki matse take da ƙarfin da tukunyar walda ba za ta iya riƙewa ba, kuma an riga an ga irinta ta fashe a wani gidan gas a birnin Benin cikin 2024.

Sai maganar da masu sha'awa ba sa son ji. Komai kyan gyara, mota ce da aka zana fiye da shekara hamsin da suka wuce. Ba ta da jakar iska, ba ta da burkin ABS, jikinta ba ya shanye karo kamar na motocin yanzu. Wanda zai sa iyalinsa a ciki ya san da wannan, ya sassauta ƙafa. Wannan ma wani dalili ne na ƙin babban inji: ƙara mata gudu ba tare da ƙara mata kariya ba ganganci ne.

Lokaci kuma ba ya jira. 'Yan jari-bola suna sayen gangar jikin Fijo da kilo suna daddatsawa, kayan gyara na asali sai raguwa suke a kasuwannin Ƙofar Ruwa da Panteka, dattawan da suka koyi aikinta tun suna yaran gareji suna ta ajiye sifana. Saboda haka, ɗan'uwa, idan akwai wagon ɗin da ke kwance a ƙofar gidanku kaji na kwana a ƙarƙashinta, kada ka fara da mai fenti. Ka nemo tsohon makaniken Fijo tun yana da ƙarfin sunkuyawa, ka biya shi da kyau, ka kuma sa ya riƙe yaro ɗaya a gefensa har aikin ya ƙare.