Kayan Asibiti a Wasan Kwaikwayon Talabijin: Gaskiyar Kaya da Gaskiyar Aiki

1.0 Gabatarwa

Manazarta wasan kwaikwayo sun saba mayar da hankali ga jigo da zubi da 'yan wasa, su bar kayan da aka ƙawata fage da su tamkar ado ne kawai. Wannan maƙala ta duba rawar da kayan asibiti ke takawa a wasannin talabijin na Amurka da Ingila, don a nuna cewa kaya ma magana suke yi, kuma mai kallo ya fi gaskata su bisa bakin ɗan wasa.

2.0 Asalin Kayan

Wasanni irin su Casualty, wanda BBC ta fara a 1986, da ER, wanda aka nuna a Amurka daga 1994 zuwa 2009, ba su dogara ga kayan kwali da katako ba. Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, wato bayar da hayar gadajen marasa lafiya da fitilun tiyata da na'urorin auna bugun zuciya, galibi waɗanda asibitoci suka daina amfani da su. Akan kuma ɗauki likita ko nas don ya nuna wa 'yan wasa yadda ake riƙe su.

Annobar korona ta 2020 ta tabbatar da ingancin kayan. A wannan shekara masu shirya Holby City suka ba asibitin Nightingale da ke Landan na'urorin taimakon numfashi guda 2 masu aiki sosai, masu shirya Grey's Anatomy kuwa suka bayar da riguna da safar hannu. Ashe abin da aka tanada don wasa yana iya ceton rai.

3.0 Inda Gizo Ke Saƙa

Ingancin kaya bai tabbatar da ingancin aikin da ake yi da su ba. Alal misali, sau da yawa akan ga layin bugun zuciya ya miƙe sak a allon na'ura, sai likita ya ɗora wa marar lafiya na'urar girgiza zuciya da lantarki, nan take ya farfaɗo. A likitance kuwa ba a girgiza zuciyar da ta tsaya cik. An ƙera na'urar ne don zuciyar da bugunta ya rikice. Marubucin wasa ya zaɓi ƙarar na'ura da zaburar jiki ne domin sun fi tayar da hankali.

Illar wannan ba ƙarama ba ce. A 1996, Diem da Lantos da Tulsky sun nazarci ER da Chicago Hope da Rescue 911, suka gano cewa kashi 75 cikin ɗari na waɗanda aka yi ƙoƙarin farfaɗo da zuciyarsu sun tashi, adadin da ya zarce abin da ake samu a asibiti nesa ba kusa ba. Mai kallon da ya saba da haka, ranar da nasa ya cika a gadon asibiti, yana iya zargin likita da sakaci. Wato dai gaskiyar kayan ita ce ta ara wa ƙaryar labarin riga.

4.0 Kammalawa

Akwai darasi a nan ga masu nazarin finafinan Hausa, inda farar riga da abin sauraron ƙirji da ledar ƙarin ruwa kan wadatar wajen mayar da ɗaki asibiti. Ƙarancin kaya ba shi ne babban aibi ba, domin mai kallo ya san wasa yake kallo. Aibin yana ga abin da aka sa likitan wasa ya faɗa ko ya aikata. Saboda haka ya kamata mai sharhi ya riƙa tambaya ko an yi aiki da na'urar yadda masu ita ke yi, kafin ya yaba tsadarta.