Kafin a Ɗaura Giyabos a Mota

Yawancin motocin hayar da ke zirga-zirga tsakanin Daura da Mai'adua, Zango, Baure da kan iyakar Kongolom sun ga jiya sun ga yau, kuma da wuya ka sami wadda ba a taɓa sauke wa giyabos ba. Giyabos shi ne akwatin ƙarfen da ke karɓar ƙarfin inji ya miƙa wa tayoyi gwargwadon gudu da nauyin kaya. In ya mutu, akan sayo na Beljiyam daga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Tsakanin isowarsa gareji da ranar ɗaura shi, a nan ake gane makaniken da ya san aikinsa.

Da farko ba ya yarda a dire shi a ƙasa. Sai ya sa yaransa su ɗora shi kan katako ko tsohuwar taya, a cikin inuwa, domin rana tana busar da robobin da ke tare mai, waɗanda ake kira sil, danshin damina kuma yana jawo tsatsa. Sannan ya bi ramukan da shaf ke shiga ɗaya bayan ɗaya, ya toshe su da leda mai tsabta. Ƙurar hunturu in ta gauraya da mai, sannu a hankali take cinye boris, wato ƙwallayen ƙarfen da shaf ke juyawa a kansu.

Daga nan sai ya kwance notin ƙasa ya tsiyaye tsohon mai. A giyabos da dama akwai maganaɗisu a jikin notin nan ko a cikin farantin mai. Ya dangwali abin da ya manne ya murza tsakanin yatsu biyu. In laushi ya ji, cin aiki ne na yau da kullum. In kuwa ɓarɓashi ne mai kaifi, haƙori ya soma karyewa a ciki, gara a mayar wa mai shago tun ba a yi asarar kuɗin aiki ba. Wanda ya tsallake wannan gwaji, sai a shafa ɗan mai a haƙoran shaf ɗinsa na gaba, kuma duk bayan 'yan makonni a juya shi da hannu, don mai ya zagaya boris.

Na otomatik ya fi bukatar lallami. A bakinsa akwai wani dunƙulen ƙarfe mai siffar kabewa, cike da mai, wanda ke aikin kuloci. Da an karkata akwatin gaba sai ya zame. Shi ya sa gwani ke ɗaure shi da waya tun ranar farko. Ranar ɗaurawa kuma yana turawa yana juyawa, har ya ji ya faɗa mataki-mataki ya zauna daram. Wanda ya gaza haƙurin nan ya matse da noti, ya fasa famfon mai tun mota ba ta tashi ba.

Wajen ɗagawa ma ba a kama shaf, ba a kuma barin nauyin akwatin ya rataya a kansa. Jak a ƙasa, mutum biyu a gefe, ana daidaitawa har bakin giyabos ya haɗu da na inji ba tare da tilas ba.

Wannan tarbiyya ba baƙuwa ba ce a Arewa. A 1975 masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci da kayan da aka shirya cikin akwatuna daga Faransa, kowanne a naɗe da lambarsa. Makaniken Daura ba shi da irin wannan sito, amma da leda da tsohuwar taya yana bin ƙa'ida ɗaya.

Malalaci kan yar da giyabos cikin yashi, in ya soma kuka bayan 'yan watanni ya ce kayan Beljiyam sun lalace. Don haka mai mota, kafin ka tambayi kuɗin aiki, fara duba yadda ake ajiye kaya a garejin.