Kalmar "Merci" a Jamusanci da Harshen Luksamburg: Sharhi Kan Asali da Ma'ana

1.0 Gabatarwa

Akwai wani ra'ayi da ya yaɗu cewa sojojin Napoliyon ne suka kai kalmomin Faransanci irin su "merci" cikin Jamusanci da harshen Luksamburg a farkon ƙarni na 19, kuma wai matsayin kalmar ɗaya ne a harsunan biyu. Wannan maƙala ta yi nazarin ra'ayin, ta kuma nuna rauninsa ta fuska biyu.

2.0 Asali

Tushen kalmar shi ne "merces" ta Latin, mai nufin lada ko ijara. Daga ladan aiki ma'anar ta koma ladan Ubangiji, sannan jinƙai. Da ma'anar jinƙai ta bayyana a waƙar Santa Yulaliya ta wajen shekarar 880, ɗaya daga cikin tsofaffin rubuce-rubucen Faransanci. Ma'anar godiya daga baya ta samu.

Rauni na farko shi ne na tarihi. Kalmar ta fito da siffar "merzî" a cikin Tristan na Gottfried von Strassburg, wajen 1210, kimanin shekaru 600 kafin Napoliyon. A Luksamburg kuwa, ana gudanar da mulki da Faransanci ƙarnoni kafin Faransa ta riƙe ƙasar daga 1795 zuwa 1814.

3.0 Ma'ana da Matsayi

A yau harsunan biyu godiya kawai suke nufi da kalmar, sun bar wa Faransanci ma'anar jinƙai. Sai dai a nan ne rauni na biyu yake. A Jamusanci "danke" ce daidaitacciyar kalma, "merci" kuwa ta hira ce, an fi jin ta a Suwizalan da kudancin Jamus. A harshen Luksamburg ita ce kalmar godiya ta yau da kullum, har a gaban hukuma. Ta zama 'yar gida, ana ƙarfafa gaɓarta ta farko saɓanin furucin Faransawa, ana kuma haɗa ta da kalmar gida a ce "villmools merci", wato godiya mai yawa. Wannan bai rasa nasaba da zaman harsunan wuri guda ba: dokar 1984 ta mai da harshen Luksamburg harshen ƙasa, ta bar Faransanci a matsayin harshen rubuta dokoki.

4.0 Kammalawa

Sanin inda aka aro kalma bai wadatar ba. Wajibi ne mai nazarin kalmomin aro ya binciki lokacin shigarta, da gurbin da ta samu, da kishiyar da ta tarar a harshen da ya karɓe ta.