Faifan Shata da Matsalar Rabon Makaɗa

Masana sun saba raba makaɗan Hausa gida uku, watau makaɗan fada, da makaɗan sana'a, da makaɗan jama'a. Rabon yana da amfani ga mai koyarwa, gama kowace ganga da gidanta: taushi da kotso na fada ne, kalangu kuwa tun asali na mahauta ne da 'yan mata a dandali. Amma akwai waɗansu faya-faye waɗanda wannan rabo ya kasa ɗauka, mafi shahara cikinsu kuwa na Alhaji Mamman Shata ne.

An haifi Shata a Musawa, ba nisa da Dutsin-Ma, cikin 1923, ya rasu cikin 1999. Bai gaji kiɗa ba, bai kuma zauna ƙarƙashin sarki guda ba. Da kalangun nan na dandali ya waƙe sarakuna, da attajirai, da direbobi, da shi kuma ya yi begen Annabi. Da Amurkawa suka sauka a wata cikin 1969, ya yi waƙar kumbon Apollo 11, abin da ba shi da gurbi ko ɗaya cikin gidajen nan uku.

Inda al'amarin ya fi fitowa fili shi ne Bakandamiya. Narambaɗa ma yana da tasa Bakandamiyar, amma ta Sarkin Gobir na Isa Amadu ce; ko da ya ke ya wasa kansa a ciki, a inuwar ubangidansa ya yi. Shata kuwa sai ya kawar da ubangida, ya zauna a mazauninsa. Ya ɗauko kirari irin na maharba da 'yan dambe, ya haɗa da zambo da habaici irin na fada, ya aza su bisa kiɗan rawa. Waƙar ta zama ta yabo, amma mai yabon da abin yabon mutum ɗaya ne.

Lalle garmaho da rediyo sun taimaka. A da, waƙar fada ba ta wuce ƙofar fada sai da bakin wanda ya ji. Faifai ya raba waƙa da wurin yinta, har manomi a Kurfi ya ji abin da aka rera wa wani sarki mai nisa, ya auna ta da kunnensa, ba domin yana cin arzikin sarkin ba. Waƙar da za ta rayu a wannan hali sai wadda daɗinta bai rataya ga sanin wanda aka yi wa ba.

Amma fa faifai yana da nasa ruɗi. Shata ba ya rera waƙa sau biyu iri ɗaya; yakan ƙara ɗiya, ya rage, gwargwadon taron da ke gabansa. Saboda haka Bakandamiya da aka ɗauka ba guda ba ce, ba kuwa wadda za a ce ita ce ta asali. Haka kuma ba dukan abin da aka ɗauka ne ya kai wannan matsayi ba: waɗansu waƙoƙin jerin sunayen masu kyauta ne kawai, amshi da kalangu ke riƙe da su.

Dandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa a kan Shata cikin 1975, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba shi digirin girmamawa cikin 1988. Saura aikin aji. Malamin da ke horad da malamai, kamar a Kwalejin Isa Kaita ta Dutsin-Ma, in ya ba ɗalibai baitoci a takarda kaɗai, rabin waƙar ya ba su. Abin da ya fi shi ne ya sa musu ɗauka biyu ta waƙa ɗaya, su ji da kunnensu abin da ya sāke da abin da ya tsaya, sa'an nan a tambaye su gidan da za su sa ta.