Buxton da Cirozerin: tsokaci a kan wani littafin tarihi

Littafin da Dorothy Schwieder da abokan aikinta biyu suka wallafa a 1987 ya ba da tarihin Buxton, wani garin kwal na jihar Iowa ta Amurka. Kamfanin Consolidation Coal ya kafa garin wajejen 1900, kuma a ƙidayar 1905 baƙaƙen fata sun fi rabin jama'arsa. Marubutan sun nuna cewa baƙi da fari albashinsu ɗaya a aikin haƙa, ƴaƴansu suna zama aji ɗaya, har likitan kamfanin, Dokta E. A. Carter, baƙar fata ne. Ba mu musanta ko ɗaya daga ciki ba.

Inda muka saɓa da su shi ne wajen shaida. Mafi yawan hujjarsu hira ce da tsofaffi da suka watse bayan rufe ramuka a shekarun 1920, suka tarar da wariya tsirara a wasu birane. Wanda ya baro inuwa ya shiga rana, dole ya yabi inuwar fiye da kima. Sannan gidaje na kamfani ne, kuma shi ya fara ɗauko baƙaƙe daga Virginia a 1880 don karya yajin aiki. Daidaiton da ya tsaya bisa buƙatar kamfani ya ƙare ranar da kwal ya ƙare, amma littafin ya ratsa wannan batu a gurguje.

Abin ya shafe mu. SONICHAR, da aka kafa a 1975, tana haƙar kwal a Anu Araren, tashar Cirozerin kuma ta fara ba mahaƙar uraniyom ta Arlit wuta a 1981. Buzaye, Hausawa, Zabarmawa da Fulani sun taru a garin, Hausa ta zama harshen kasuwa. Ɗalibin da ya tafi can da tambayoyin Schwieder zai dawo da labarin zaman lafiya, kuma gaskiya ne. Sai dai misalin Arlit, inda unguwar manyan ma'aikata take dabam, ta leburori dabam, ga kuma Bukkoki a gefe, ya isa ya sa mu tambaya: wa aka ɗauka aiki, a wane matsayi? Makiyayan da rijiyoyinsu suka riga kamfanin, ina rabonsu?

COMINAK ta rufe a 2021. Shawararmu ga masu shirya kundi ita ce su haɗa hira da rajistar ɗaukar ma'aikata, su kuma yi hirar tun mutanen suna garin.